AMSAR TAKARDUNKU: Nauyin Kwamfuta A Kanti Da Nauyinta A Kafaɗa

Cikin takardun da suka iso mana makon jiya akwai wata daga birnin Zazzau, wadda muka ga ya kamata mu buga ta duka, mu amsa ta a fili, gama mun tabbata ba mai ita kaɗai wannan magana ta dama ba. Ga abin da ya ce:

"Zuwa ga mai amsa takardu. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, ni maɗinkin riguna ne a Unguwar Juma, sana'ar da na taras ana yi a gidanmu ke nan. Yarinyar wajena ta sami shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, daga gida kuwa za ta riƙa zuwa kullum tana komowa. An ce lalle sai ta mallaki kwamfutar nan ta tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof. Wata bakwai na yi ina tara kuɗinta, in na sallami riga in cire wani abu in ajiye. Ran da suka cika muka tafi Sabon Gari ni da ita, mai kanti ya jera mana iri uku, da ƙarama, da matsakaiciya wadda ya ce inci 14 ce, da babba mai inci 15.6. Ya ce in ɗauki babbar, gama kuɗinsu kusan ɗaya ne, wai wanda ya biya kuɗin sa ba ya jan maraƙi zuwa gida. Na ɗaɗɗaga su duka ukun, ban ji wani bambancin kirki ba. Yarinya ba ta ce uffan ba. Sai da muka komo gida mahaifiyarta ta gaya mini wai matsakaiciyar ta ke so, kunya ce ta hana ta faɗi. Ni zare da allura na sani, ban san wannan ba, kuɗin nan kuwa in sun tafi ba ni da waɗansu. Shin matsakaiciyar nan ta ɗauku kullum daga birni zuwa Samaru? In kuwa ta ɗauku, me zai hana babbar ɗaukuwa? Ina roƙo a warware mini. Haza wasalam."

To, Malam, mun gode da takardarka. Allah ya yi wa yarinya albarka, ya ba ta abin da ta tafi nema. Amsa a taƙaice ita ce, yarinya ta fi mai kanti gaskiya, matsakaiciyar za ka saya. Amma kada ka miƙe tukuna, zauna mu yi maganar dalili, don akwai matsakaiciyar da ta fi babba nauyi, akwai kuma wadda ba ta da nauyi a hannu amma ta kan jawo wa mai ita kaya. In ba ka san yadda a ke rarrabe su ba, ka iya bin shawararmu, kuma duk da haka ka yi da-na-sani.

INCI DABAN, NAUYI DABAN

Da fari dai, me a ke nufi da inci 14? Awon fuskar nan ne mai haske, daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama, watau a karkace. Kai da ke maɗinki ba sai an ja maka bayani ba, tafi da tef ɗinka na awo ka gwada. Inci 14 santimita 35 da rabi ke nan, inci 15.6 kuwa santimita 39 da rabi. Jikin matsakaiciya ya kan kai wajen santimita 32 a faɗi, 22 daga gaba zuwa baya, watau ya ɗara takardar ofis ta A4 da kaɗan. Jikin babbar ya kan kai 36 a faɗi, 24 ko 25 daga gaba zuwa baya. A ido bambancin bai wuce faɗin yatsu biyu ba, amma in aka lissafa filin fuska duka, babbar ta fi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ƙari kuwa gilashi ne, da ƙarfe, da roba, duk a wuyan mai ɗauka.

Galibin ƙanana masu inci 13 su kan auna kilo 1.1 zuwa 1.4. Matsakaita na wannan zamani kilo 1.3 zuwa 1.7. Manya kuwa daga kilo 1.7 zuwa 2.2, waɗansu har su wuce. In lambobin nan ba su shiga kai ba, ga ma'auni a ƙofar shagonka. Ledar ruwan fiya wata rabin lita ce, rabin lita na ruwa kuwa rabin kilo ne. Matsakaiciya leda uku ke nan, babba leda huɗu.

Ka ce ka ɗaga su ba ka ji bambanci ba. Gaskiyarka, ba a jin rabin kilo cikin ƙiftawar ido. Ai ka san babbar riga mai aska takwas, wadda aiki ya cika ta gaba da baya. In mai ita ya ɗaga ta a shagonka sai ya yi ta murna, ba ya ce ta yi nauyi. Tambaye shi ran Salla da la'asar, bayan ya wuni yana tattara hannuwanta bisa kafaɗa. Nauyin kaya a kanti daban, nauyinsa a hanya daban. Jiki magayi.

TAMBAYI SHEKARARTA

Ga tarkon da muka ce. Yawancin kwamfutocin da ke kasuwanninmu na gwanjo ne, waɗanda a ke kira tokumbo, an yi aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka sa'an nan aka kawo nan. Ba laifi ba ne sayensu, da yawansu ma sun fi sababbi masu araha ƙwari. Amma inci 14 na da da inci 14 na yanzu ba ɗaya ba ne. Dubi na kamfanin Lenovo kaɗai. ThinkPad T420, wadda ta fito a 2011, ta wuce kilo 2. T480 ta 2018 wajen kilo 1.6 ce. X1 Carbon ta baya-bayan nan kuwa ba ta fi kilo 1.1 da ɗan kai ba. Dukansu inci 14 ne. Ka ga ashe mai kanti ya iya miƙo maka matsakaiciya, ba tare da ya yi maka ƙarya ba, alhali ta fi waccan babbar nauyi.

Dalili kuwa shi ne, abin nan kullum ramewa ya ke yi. A 1981 aka fito da wata a Amurka mai suna Osborne 1, aka yi ta shela ga kwamfutar da mutum zai ɗauka ya yi tafiya. Nauyinta kusan kilo 11, fuskarta inci 5, babu batir cikinta sai an jona ta da wutar bango, in an rufe ta kuwa sai ka ce akwatin keken ɗinki. A 1985 kamfanin Toshiba na Japan ya fito da T1100 mai kilo 4 da ɗan ɗoriya. A watan Janairu na 2008 Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple, ya tsaya gaban taro ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan na takarda, nauyinta kilo 1.36, jama'a suka yi ta mamaki.

Tun kafin waɗannan duka, a 1972, wani masani Ba'amurke, Alan Kay, ya zauna ya tsara siffar kwamfutar da ta dace da ɗan makaranta, ya kira ta Dynabook. Ya ce kada girmanta ya wuce na littafin rubutu, kada kuma nauyinta ya kai laba huɗu, watau kilo 1.8. A lokacin babu mai iya ƙera ta, amma iyakar da ya yanka har yau ba ta tashi ba. Riƙe ta, Malam. Wadda duk ta kai kilo 1.8 ta zaman teburi ce, ba ta yawon kullum ba.

JAKA A KE ƊAUKA

Abu na biyu, babu mai fita da kwamfuta tsirara a hannu. Jaka a ke ɗauka, jaka kuwa ba ta tafiya da abu ɗaya. Da takardarka ta zo sai muka ari sikeli, muka auna jakar wani ɗalibi maƙwabcinmu, ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta matsakaiciya, kilo 1.5. Caja da wayoyinta, giram 300. Jakar kanta ba komai ciki, giram 700. Littattafan rubutu biyu da takardun darasi, giram 600. Ruwan sha, giram 500. Jimla kilo 3.6. Muka sake lissafi da babba mai kilo 2.2, wadda cajarta ta fi girma, kuma sai an nemo mata jaka mai faɗi, sai ga shi mun tasam ma kilo 4.6. Ashe rabin kilon nan da ba ka ji a kanti ba ya haihu a hanya, ya zama kilo guda.

Likitoci da yawa su kan ba da shawara kada jakar ɗan makaranta ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin jikinsa. Yarinya mai kilo 50, kashi 10 nata kilo 5 ke nan. Da matsakaiciya tana da sauran fili, ko da rana ta kama ta ƙara littafi mai kauri. Da babba kuwa ta rigaya ta kusa kai iyaka tun ba ta ƙara komai ba. Kada kuwa a raina takarda. Ƙunshin farar takarda mai warƙa 500, wanda masu shago ke kira rim, kilo biyu da rabi ne, ya fi kowace kwamfutar da muka ambata nauyi in ban da na tarihi.

Saboda haka rabin dabara tana ga jaka. A sami ta goyo mai maratayi biyu masu faɗi, a kuma yi amfani da su duka biyun, ko bisa hijabi ko ƙarƙashinsa. 'Yan mata sun fi son jakar rataye mai igiya ɗaya don ta fi kyan gani, amma ita ce ke karkatar da mutum gefe guda, kafaɗa ta yi ta ciwo, wuya ya sage. A duba kuma aljihun kwamfuta na cikin jakar, ya zama yana da soso, kuma gindinsa bai kai ƙasan jakar ba, don in an dire ta kada kusurwar kwamfuta ta bugi daɓe. In ba a sami irin wannan ba, ai gidan maɗinki ne, rabin yadi da ɗan soso sun isa ka ɗinka mata riga.

DAGA BIRNI ZUWA SAMARU

Yanzu mu bi yarinya hanya. Ta fito gida da sassafe, ta bi lungu da ƙafa har bakin titi, gama ka san yawancin lungunan birni mota ba ta shiga. Ta hau keke mai ƙafa uku zuwa Ƙofar Doka, ta shiga bas ta bi ta Tudun Wada, da PZ, da Kwangila, har ƙofar jami'a, tafiyar da ta fi kilomita 10. Ko da ta sauka ba ta iso ba tukuna, don jami'ar nan gari ce guda. Daga ƙofa zuwa aji tafiya ce, daga aji zuwa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim wata tafiyar ce. Da yamma ta sake kwaso hanyar nan duka a gajiye. Kwana biyar ke nan a mako, shekara huɗu ko biyar.

Cikin bas ne faɗin yatsu biyun nan ke nuna kansa. Jaka bisa cinya ta ke zama, mutane kuwa a matse. Matsakaiciya ta kan tsaya daidai faɗin cinyoyin mai ita, ta rungume abinta. Babba sai ta leƙa gefe, gwiwar maƙwabci ta danne ta, ko ƙofa ta buge ta wajen fita. Fuskar kwamfuta kuwa ba ta son danni ko kaɗan, ita ce mafi saurin fashewa cikin jikinta, sauya ta kuma kuɗi ne masu kauri. Kan cajarmu mai haƙora uku shi ne babban abokin gabanta. In aka cusa shi aljihu ɗaya da kwamfuta, aka danna jakar, haƙoran nan su ke tokare marfi har gilashi ya tsage daga ciki. A ba caja aljihunta daban.

Haka kuma a aji. Teburan ɗalibai a manyan ɗakunan lacca 'yan sirara ne, an yi su don littafi da alƙalami. Matsakaiciya ta kan zauna a kai, babba sai rabinta ya yi reto.

Sai maganar masu dogon hannu. Jakar da aka rubuta sunan kamfanin kwamfuta a bayanta shela ce, tana gaya wa kowa abin da ke ciki. A nemi wadda ba ta da wata alama. Cikin cunkoso a juyo da ita gaba, wajen salla a ajiye ta inda ido ke kai, kada kuma a buɗe ta a tasha don a burge ƙawaye.

BATIR SHI NE NAUYIN ƁOYE

Ga abin da masu rubuta labarin kwamfuta a ƙasashen Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne gaba da kome. Can soket na ko'ina, wuta ba ta ɗaukewa. Nan kuwa ka sani, na sani. Kwamfutar da batirinta ya mutu ba ta tafi-da-gidanka ba ce, ko da nauyinta bai kai na kaza ba. Mai ita zai zama bawan bango, ya shiga aji idonsa na neman soket, ya riƙa yawo da caja, da doguwar waya mai baki huɗu, wani har da babban batirin ajiya. Nauyin da aka gudu a kanti sai ya dawo ta bayan gida.

Ƙarfin batir da haruffa biyu a ke rubuta shi, Wh, ka ɗauke shi kamar girman tankin babur. Matsakaita galibi suna da 45 zuwa 70. In ana aikin rubutu da karatu kaɗai, ba a cika hasken fuska ba, kwamfuta irin wannan ta kan sha wajen 8 a sa'a guda. Raba 50 da 8, ka sami sa'a shida, watau ta kai yarinya tun daga darasin safe har azahar ba ta nemi bango ba. Manya masu araha kuwa sau da yawa tankinsu bai fi 40 da 'yan kai ba, ga faffaɗar fuska mai shan wuta, sai ka ga gangar jiki babba, numfashi gajere.

Amma batir tsufa ya ke yi. Kowane caji da sauka yana rage masa ƙarfi kaɗan, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. Tokumbon da ta yi shekara biyar a ofis, tankinta na 50 ya iya komawa 25, sa'a shida ta koma uku. Ba a gane wannan da ido, ba a kuma gane shi da rantsuwar mai kanti. Ga yadda a ke yi in kwamfutar mai Windows ce. A buɗe baƙin allon nan da a ke rubuta umurni, a rubuta powercfg /batteryreport, sai ta fitar da takardar shaida. Ciki akwai lamba biyu kusa da juna, ɗaya abin da batir ke ɗauka ran da aka ƙera shi, ɗaya abin da ya ke ɗauka yau. In ta biyu ba ta kai kashi uku cikin huɗu na ta farko ba, a ce mai kanti ya sauya batir, ko ya rage kuɗin sabo daga ciniki. Kowane ɗalibin kwamfuta ya iya yi maka wannan cikin minti biyu. Gani ya kori ji.

In an dace da wadda a ke yi wa caji ta ƙaramin bakin nan na USB-C, to, madalla, gama akwai ƙananan cajoji masu wat 65 da ba su fi sabulun wanka girma ba, caja ɗaya ta ɗauki kwamfuta da waya. Sai dai a nemi ta ƙwarai. Cajar jabu ta kan kashe batir, wani lokaci ma ta ƙone kwamfutar ɗungum. Araha ba ta ado.

RANA, DA ƘURA, DA RUWA

Kowace shekara Zariya tana da jarrabawa uku ga kwamfuta. Ta fari bazara. Kamfanin Apple ya ce a yi aiki da nasa inda zafi bai wuce digiri 35 ba, sauran ma kusan haka su ke, mu kuwa a Maris da Afrilu rana ta kan wuce nan. Saboda haka kada a rufe marfi kawai a jefa ta jaka tana barci, don wani lokaci ta kan farka a ciki, ta yi ta zafi ba iska. A kashe ta sosai kafin a kama hanya. Kada kuma a ɗora ta bisa katifa ko matashi a yi aiki, gama ƙofofin numfashinta a ƙasa su ke.

Ta biyu hunturu. Ƙurar nan da ke shiga hanci ita ke shiga fankar kwamfuta, ta daskare, fanka ta yi ta gurnani, zafi ya ƙaru. In hunturu ya wuce a kai ta wurin mai gyara ya busa mata iska. Ta uku damina, tun ba watan Agusta ba. Hadari ba ya sallama, jaka kuwa komai kyanta ruwa na bi ta zif. Babbar leda guda a naɗe cikin aljihu ta isa magani, ba ta da nauyi, ba ta da tsada. Rigakafi ya fi magani.

Kada ka ce muna faɗin abin da muka karanta ne kawai, mai wannan rubutu ya ɗanɗana. Shekarun baya wani mai kanti ya yi mini irin maganar da aka yi maka, na biye masa na ɗauko babba, na rataya ta a jaka mai igiya ɗaya. Shekara biyu ina hawa babur da ita daga birni zuwa wurin aiki. Kafaɗata ta dama ta soma ciwo, na ce sanyin ƙashi ne, na sha jiƙe-jiƙe har na gaji. Da na je wurin likita, ya gama dube-dubensa, sai ya ce in miƙo masa jakata. Ya ɗaga ta, ya yi dariya, ya ce ga ciwonka nan a rataye. Wannan bai ishe ni wa'azi ba. Ran nan ina sauri na rufe marfi ban kashe ta ba, na hau babur, muka faɗa wani rami. Da na isa na buɗe, sai ƙara ƙas-ƙas-ƙas, ba ta sake tashi ba. Aikin wata huɗu ya tafi, ba ni da shi a ko'ina.

Abin da ya faru shi ne, ma'ajiyar tsofaffin kwamfutoci faifai ne mai juyawa, sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata 'yar allura tana shawagi bisansa ba ta taɓa shi. In aka girgiza shi yana cikin juyi, allura ta karce faifai, shi ke nan. Sabuwar ma'ajiya da a ke kira SSD ba abin da ke motsi cikinta, ba ruwanta da gargada, ga sauƙin nauyi, ga sauri, ga ƙarancin shan batir. Wadda za ta bi hanyar Samaru kullum, labudda sai mai SSD.

DARASIN GAFAKA

Jama'a, ɗaukar karatu a kafaɗa ba yau aka fara shi a birnin nan ba. Tun kafin a san boko, ɗalibai ke zuwa Zazzau daga nesa, suna bin zaurukan malaman Kona da na Juma, kowa da gafakarsa a rataye. Dubi yadda magabata suka tsara abinsu. Littafin hannu ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa ya ke, a haɗa shi cikin tadarishi, a ɗaure, a sa cikin gafakar fata mai marfi don ruwa da ƙura, ga maratayi. A ƙasan warƙa a kan rubuta kalmar farko ta wadda ke biye, don kada jeri ya rikice. Saboda haka ɗalibi ya iya zare 'yan warƙoƙin da zai karanta ran nan ya tafi da su, ya bar sauran a gida. Littafi mai daraja kuma a kan kwafe shi, don in gobara ko gara ta ci ɗaya, a sami wani.

Darasi biyu ke nan ga yarinya. Na ɗaya, ba kowace rana ce ranar kwamfuta ba. Ran da ba ta da aikin bugawa, ta tura abin da za ta karanta cikin wayarta, ta bar kwamfuta a gida tana hutawa, ita ma kafaɗa ta huta. Na biyu, kome ta rubuta mai muhimmanci ta kwafe shi a filash ta ajiye a gida, ta kuma aika wa kanta ta imel. Kwamfuta in ta ɓace da kuɗi a ke mayar da ita, amma aikin shekarar ƙarshe in ya ɓace ba a sayensa a Sabon Gari.

BABBA MA TANA DA RANARTA

Kada mai kanti ya ce mun ɓata masa ciniki. Mai shagon da zai girke ta bisa teburi, da akawu mai yawan lissafi wanda ke son madannan lambobi na gefen dama, da dattijon da idonsa ya soma rauni, duk babba ta fi musu. Haka ɗaliban zanen gine-gine da na injiniya, waɗanda aikinsu ke bukatar inji mai ƙarfi da fuska mai faɗi, su dole ne su haƙura da nauyi, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In karatun yarinya irin wannan ne, ta tambayi malamanta tukuna kafin a fitar da ko kwabo. Ƙarama mai inci 13 kuwa daɗin ɗauka gare ta, amma mai wuni yana rubutu ya kan ji ta matse masa, ga shi sau da yawa ta fi tsada, in ta lalace kuma kayan gyaranta sun fi wuyar samu. Shi ya sa muka tsaya a tsakiya.

To, Malam, ran da za ka koma kanti tafi da abu huɗu: yarinya, da jakar da za ta riƙa ɗauka, da tef ɗinka, da wani ɗalibi wanda ya san kan abin. A tambayi shekarar da aka ƙera ta. A ɗora ta a sikeli tare da cajarta, kada su biyun su wuce kilo 2. A duba shaidar batir, a tabbata SSD ce. A buɗe marfi a rufe sau da yawa, a ji mahaɗinsa bai saki ba. Sa'an nan a sa ta cikin jaka, yarinya ta goya, ta tafi ƙarshen layi ta dawo. In mai kanti ya ƙi yarda da wannan, kantuna ba su ƙare ba. In kuwa ta dawo, tambaye ta a gefe, ba gaban mutane ba, gama ita za ta ɗauka, ba kai ba, ba mu ba, ba mai kanti ba.

Allah ya sa kuɗin allurarka su zama sanadin alheri. In an saya ka rubuto mana yadda aka ƙare. Sauran masu karatu kuma da ke bin hanyar Samaru ko Kongo kullum, wanda ya san wata dabara da ba mu ambata ba ya aiko, mu buga kowa ya amfana. Sai mako mai zuwa.